Ƙissar Eilistraee: Tarken Wata Ƙaramar Abar Bauta ta Wasan Dungeons & Dragons

Gabatarwa

Manazarta sun saba kasa adabi gida biyu, watau adabin baka da rubutaccen adabi. Amma tun daga shekarar 1974 wani irin adabi ya ɓullo a ƙasar Amurka wanda ya ɗebi rabo daga kowane gida: a rubuce ake sayar da shi, da baki kuma ake aiwatar da shi. Wannan shi ne wasan kwaikwayon da ake yi a zaune a gefen tebur, wanda mafi shahara a cikin ire-irensa shi ne Dungeons & Dragons. Manufar wannan maƙala ita ce a ɗauki tauraruwa guda daga cikin ɗimbin taurarin wannan wasa, mai suna Eilistraee, a bi sawun ƙissarta tun daga 1991 da aka fara buga ta, a auna inda marubutanta suka dace da inda suka kauce.

Ya kamata mai karatu ya sani tun da farko cewa Eilistraee ƙagaggiya ce. Babu wata al'umma a tarihi da ta taɓa bauta mata. Idan an kira ta abar bauta a nan, ana nufin matsayin da aka ba ta a cikin ƙagaggiyar duniyar wasan ne kawai, kamar yadda ake kiran wani sarki a tatsuniya alhali bai taɓa mulkin ko ƙauye ba.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ta zo ne ta toshe wata ɓaraka da ke cikin wasan tun shekarunsa na farko, watau zancen wata al'umma baƙar fata da aka ce mugunta a jininta take. Ƙissarta ta farko ta toshe ɓarakar da hikima. Littattafan da suka biyo baya a 2007 da 2008 kuwa sun sake buɗe ta, har ta fi da faɗi.

Wasan da Duniyarsa

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙago wasan, kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya buga shi a 1974. Yadda ake yin sa shi ne, mutum huɗu ko biyar su zauna, ɗaya ya zama mai jan labari, sauran kuma kowa ya riƙi tauraro guda: wannan mayaƙi, wancan mai sihiri, wani ɓarawo, wani mai hidimar wata abar bauta. Mai jan labari ya bayyana inda suke da abin da ya tunkaro su, su kuma su faɗi abin da taurarinsu za su yi. Idan abin yana da shakka sai a jefa ɗan ludo, mafi yawa mai fuska 20, a ga ko an ci nasara. Saboda haka babu wanda ya san ƙarshen labari, har shi mai jan sa.

Domin sauƙaƙa wa mai jan labari aiki, kamfanin yakan buga littattafai masu bayanin duniyoyin da za a yi wasa a cikinsu, da taswirori da sarakuna da tarihi da abubuwan bauta. Mafi shahara a cikin waɗannan duniyoyi ita ce Forgotten Realms, wadda Ed Greenwood, mutumin ƙasar Kanada, ya fara ƙagawa tun yana yaro, TSR ta fitar da ita kasuwa a 1987. Abubuwan bautar wannan duniya hawa-hawa ne, akwai manya da matsakaita da ƙanana. Eilistraee tana cikin ƙananan. Kuma ba ado ba ne aka sa su: a ƙa'idar wasa, tauraro mai hidima daga abar bautarsa yake samun ƙarfinsa, ita ce kuma take gindaya masa abin da zai yi da abin da zai bari.

Wannan ya sa ma'aunin tarken irin wannan ƙissa ya bambanta da na ƙagaggen labari. Littafin labari kammalallen abu ne. Ƙissar wasa kuwa iri ce aka ba manomi, sai an shuka za a san kyanta. Tambayoyi biyu ke nan za a yi mata: shin sassanta sun haɗu ba tare da wani ya ƙaryata wani ba? Shin kuma ta ba masu wasa abin yi da abin tunani idan sun zauna?

Dirawa da Ɓarakar da Aka Gada

A cikin halittun wasan akwai Elfawa, masu kama da mutane amma sun fi su tsawon rai da kyan sura da sanin sihiri. A 1977 Gygax ya ambaci wani reshe nasu da ya kira drow, waɗanda za a kira Dirawa a wannan maƙala. A 1978 ya fito da su sosai a cikin jerin littattafan wasa, musamman Vault of the Drow. Siffarsu ita ce: baƙar fata wuluk, farin gashi, mazauni a cikin kogunan ƙarƙashin ƙasa, mulki a hannun mata, bauta ga Lolth sarauniyar gizo-gizo, sana'a kuwa bautar da mutane da cin amanar juna. Kada mai karatu ya ɗauka wannan gizo irin Gizon tatsuniya ne, wanda wayonsa dariya yake bayarwa. Ita Lolth jini take sha.

A matsayin abokan gaba, Dirawa sun karɓu ƙwarai wurin masu wasa. Amma zubin nasu yana ɗauke da wata magana da ba a furta ba: Elfawan kirki farare ne, suna zaune a sarari, miyagun baƙaƙe ne, suna cikin rami. A 1988 R. A. Salvatore ya fito da Drizzt Do'Urden a littafinsa The Crystal Shard, wani mutumin Dirawa da ya guje wa birninsu Menzoberranzan ya zama jarumin kirki. Drizzt ya yi farin jini matuƙa, sai dai bai warware matsalar ba. Shi kaɗai ne, kuma kaɗaicinsa shi ne jigon labarinsa. Mutumin kirki guda a cikin al'umma sai ƙara tabbatar da lalacewar sauran yake yi. Daɗin daɗawa, abar bautar da ya jingina da ita, Mielikki, ta mutanen sarari ce. Watau kafin ya zama na kirki sai da ya fita daga al'adar danginsa baki ɗaya.

A wannan hali ne littafin Greenwood mai suna The Drow of the Underdark ya fito a 1991, da Eilistraee a cikinsa. Sabon abin da ta kawo shi ne kirki na cikin gida: abar bauta daga jinsin Dirawa, mai kamarsu, mai jama'a da wuraren bauta da al'adu, wadda bin ta ba ya nufin mutum ya daina zama abin da yake.

Ƙissar Asali

Cikakken labarin asalinta ya zo ne a 1998, a cikin Evermeet: Island of Elves na Elaine Cunningham da kuma Demihuman Deities na Eric L. Boyd. Ga shi a taƙaice. Corellon shi ne shugaban abubuwan bautar Elfawa. Matarsa Araushnee masaƙiya ce, suna da 'ya'ya biyu, Vhaeraun da Eilistraee. Araushnee ta yi kwaɗayin mulki, ta haɗa baki da ɗanta, ta gayyato maƙiya su kawo hari. Ta kuma saƙa wa mijinta kuben takobi, ta yi masa sihirin da zai janyo kibiya. Da yaƙi ya yi zafi, Eilistraee, wadda maharbiya ce, ta saki kibiya domin ta kare mahaifinta, sai kibiyar ta karkata ta soke shi. Corellon bai mutu ba. Asiri ya tonu, aka kori Araushnee ta koma Lolth, aka kori Vhaeraun, aka wanke Eilistraee daga laifi. Amma sai ita da kanta ta roƙi a kore ta tare da su, domin ta hango cewa wata rana Elfawa masu duhun fata za su faɗa hannun uwarta, kuma za su buƙaci wanda zai nuna musu wata hanya.

Akwai abubuwa biyu na gwaninta a wannan zubi. Na farko, an sa hannunta a cikin laifin ba tare da zuciyarta ba. Ta san yadda ake ji idan an mai da mutum makami bai sani ba, ta kuma san zargi. Wannan shi ne halin kowane yaro da aka haifa a Menzoberranzan, wanda aka koya wa kisa tun bai san dama da hagu ba. Saboda haka idan ta kira irin wannan yaro, ba daga kan tudun tsarki take magana ba.

Na biyu, gudun hijirarta zaɓi ne. Hausawa sukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a kan wannan karin magana aka gina Dirawan Gygax. Ƙissar Eilistraee ta tsaya ne a kan kishiyarsa, watau albasa ba ta yi halin ruwa ba, sai dai a nan ruwan ne gurɓatacce. Uwa ɗaya ta haifi Vhaeraun da Eilistraee, jini ɗaya ne a jikinsu, kowa ya kama gabansa. Jigon ƙissar ke nan: hali zaɓi ne, ba gado ba. Duk abin da za a faɗa nan gaba a kan wannan ma'auni za a ɗora shi.

Har ila yau ya kamata a lura da alamar da aka ba ta, watau farin wata. A ƙa'idar wasa ta shekaru masu yawa, hasken rana yana raunana Dirawa, domin idanunsu sun saba da duhu. Da an ba ta rana, da kiran nata ya zama azaba ga wanda ya amsa. Wata kuwa haske ne da idon ɗan rami zai iya ɗauka. A nan ƙa'idar wasa da ma'anar adabi suka haɗu a wuri guda, abin da ba kasafai ake samu ba a irin waɗannan littattafai.

Al'adun Mabiyanta

Idan aka koma ga tambaya ta biyu, watau abin da ƙissar take ba masu wasa, to a nan ma ta yi rawar gani. An ba ta waƙa da rawa da farauta da sarrafa takobi. An ɗora wa masu yi mata hidima ciyar da mayunwaci, da taimakon baƙo, da zaga daji lokacin sanyi domin neman waɗanda suka ɓata, da rama rashin mutunci da alheri, amma su tare mai kawo hari da takobi ba da jinkiri ba. Babban wurin bautarta yana ƙarƙashin birnin Waterdeep, a hannun Qilué Veladorn, kuma aikin mazaunansa ya haɗa da gadin wani rami na wata muguwar abar bauta mai suna Ghaunadaur da kuɓutar da bayi daga kasuwar Skullport da ke kusa.

Al'adu uku sun fi jan hankali. Akwai waƙar maraice, wadda kowane mabiyi yake yi shi kaɗai, ya zuba duk abin da ya ji a yinin nan a cikin murya. A al'ummar da bayyana zuci yake jawo wuƙa a baya, wannan kaɗai tawaye ne. Akwai fitar shekara, inda masu hidima sukan shiga garuruwan da ba a san su ba, su dogara da kiɗa da alheri da naman da suka farauto, ko mutanen gari su karɓe su ko su far musu. Akwai kuma rawar ƙarshe: idan mai hidima ta tsufa, sai ta ji waƙar uwargijiyarta da dare, ta fita tana rawa a farin wata, ƙuruciyarta tana dawowa, har ta ɓace ba a ga gawa ba. Wanda ya san yadda dandali yake cika da gaɗa idan wata ya yi sha huɗu ba zai rasa jin daɗin wannan hoto ba.

Kowace daga cikin waɗannan iri ce da mai jan labari zai shuka. A ɗauki fitar shekara. Taurari sun iso ƙauyen da Dirawan Lolth suka ƙone bara, ga kuma wata baƙuwa mai kamarsu ta zo da garaya da naman barewa. Mutanen ƙauye suna da hujjar tsoro, baƙuwar tana da hujjar zuwa. Babu ɗan ludon da zai raba wannan gardama, dole masu wasa su yi magana. A wasan da ya samo asali daga wasannin yaƙi, wanda mafi yawan ƙa'idojinsa a kan sara da suka suke, ƙissar da ta tilasta wa mutane tattaunawa ta biya kuɗin takardarta.

Inda Ƙissar Farko Ta Yi Rauni

Duk da haka ba a rasa abin cewa ba. An siffanta Eilistraee da mace mai rawa ba tufa, gashinta kaɗai ne suturarta, aka kuma ɗora wa mabiyanta irin wannan a wasu bukukuwa. Masu kare wannan sukan ce alama ce ta yar da abin rufe fuska a al'ummar munafunci. Ana iya karɓar wannan a rubuce. Amma zane-zanen da suka raka rubutun sun nuna cewa akwai lissafin kasuwa a ciki, domin samari ne mafi yawan masu sayen littattafan a wancan zamani. Abin ya rage wa tauraruwar kwarjini, ya sa da yawa ba su wuce hoton sun karanta ƙissar ba.

Na biyu, a littattafan farko mata ne kaɗai suke kai wa ga cikakken matsayin hidima. Wannan shi ne tsarin gidan Lolth, an dai cire bulala. Namijin da ya tsere daga Menzoberranzan saboda ƙasƙanci, in ya iso nan sai ya tarar har yanzu a bayan layi yake. Na uku, nauyin sulhu duka a kan Dirawa aka ɗora shi. Su ne za su fito, su yi kiɗa, su yi haƙuri da jifa, har a yarda da su. Ba a tambayi mutanen sarari komai ba. Waɗannan duka rauni ne, amma irin wanda mai jan labari zai iya gyarawa a teburinsa, ko ma ya mai da shi abin wasa. Wanda za a tattauna yanzu ya fi ƙarfin haka.

La'ana, Jini da Launi

A tarihin wannan ƙagaggiyar duniya, Elfawa sun yi wasu yaƙe-yaƙe a tsakaninsu shekaru fiye da dubu goma kafin zamanin da ake wasa. A lokacin, masu duhun fata suna da dauloli biyu, Ilythiir da Miyeritar. Miyeritar, inda mabiya Eilistraee suka fi yawa, fararen Elfawan daular Aryvandaar ne suka hallaka ta da guguwar sihiri. Ilythiir kuwa ta koma ga Lolth ta yi ta'asa. Daga ƙarshe aka roƙi ikon Corellon aka la'anci masu duhun fata, kamanninsu suka sauya, aka kora su ƙarƙashin ƙasa. La'anar ba ta tsaya ga masu laifi ba, ta haɗa da ragowar mutanen Miyeritar waɗanda su aka zalunta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma daddawa ba a sauya mata launi ba.

Wannan tarihi, in an bar shi haka, yana iya ƙara wa ƙissar Eilistraee ƙarfi, domin ya nuna cewa hukuncin mahaifinta zalunci ne, ita kuma ta tsaya tare da waɗanda aka zalunta. Sai ga littattafai uku na Lisa Smedman da ake kira The Lady Penitent: Sacrifice of the Widow da Storm of the Dead a 2007, da Ascendancy of the Last a 2008. An zuba labarin a kan wani wasa mai kama da dara tsakanin Lolth da 'yarta, wanda ya faɗi ya mutu. A ciki Eilistraee ta kashe Vhaeraun ta haɗe ikonsa. A ƙarshe, a shekara ta 1379 ta lissafin wannan duniya, ta shiga jikin Qilué domin ta ceto wata tsohuwar mabiyarta mai suna Halisstra Melarn, sai Halisstra ta fille kan Qilué, abar bautar ta tafi tare da ita.

Mutuwar ba ita ce abin zargi ba. Tauraruwar da ta fara da sadaukarwa tana iya ƙarewa da ita. Abin zargi shi ne abubuwa biyu da aka jingina da mutuwar. Na farko, an ce wani shaiɗani mai suna Wendonai ya gurɓata jinin mutanen Ilythiir tun da can, gurɓatar kuma tana bin zuriya. Na biyu, an sa Q'arlynd, ɗan'uwan Halisstra, ya yi wani babban sihiri da ya ɗauke la'anar daga zuriyar Miyeritar da mabiyan Eilistraee, fatarsu ta koma wankan tarwaɗa, gashinsu ya koma baƙi, Corellon kuma ya karɓe su. Sauran Dirawa aka bar wa Lolth, aka nuna kamar aikin ceto ya kammala.

Mai karatu zai ga cewa wannan ya rushe jigon da aka gina tun 1991. Da can hali zaɓi ne, yanzu ya koma jini. Wanda kakanninsa 'yan Miyeritar ne ya tsira ko bai taɓa yin alheri ba. Da can abar bautar ta ɗauki kamar jama'arta domin ta ce musu babu abin kunya a kamarsu, yanzu ladan bin ta shi ne a raba ka da wannan kama. Yaron Menzoberranzan da aka ce dominsa ta bar gidan ubanta, an rufe littafi an bar shi a rami.

Adalci ya wajabta a kawo hujjar ɗaya ɓangaren. Ba farare aka mai da su ba. Hasali ma wankan tarwaɗa da baƙin gashi sun fi kusa da kamannin mutanen Afirka fiye da baƙin dutse da farin gashi, waɗanda babu ɗan Adam mai su. Wannan gaskiya ne. Amma matsalar ba a yawan duhun take ba, a zubin take: an yi laifi, an yi la'ana, la'anar ta bayyana a fata, ta bi zuriya, tsarkakewa kuma ta zo da washewar launi. Wannan zubi tsoho ne, kuma mutanen wannan yanki sun san shi. Shi ne na labarin da aka daɗe ana yaɗawa cewa baƙaƙen mutane zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu ne da aka la'anta. Ibn Khaldun ya ƙaryata shi a Muƙaddima tun ƙarni na 14, ya ce yanayin ƙasa ne yake kawo launi. Ahmad Baba na Timbuktu ya sake ƙaryata shi a Mi'irajus Su'ud a 1615, lokacin da yake amsa tambayoyin mutanen Tuwat game da bayi, inda ya lissafa Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. A Amurka kuwa, inda aka ƙago wasan, masu kare bauta sun yi ta kafa hujja da labarin Ham har ƙarni na 19. Ba a cewa marubuciyar ta nufi haka. Marubuci yakan ɗauki tsohon zubi bai san inda aka ƙera shi ba, aikin mai tarke kuma shi ne ya nuna maƙerar.

Mutuwa da Dawowa

Me ya kawo wannan juyi? Amsar ba a cikin labarin take ba. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya fitar da bugu na huɗu na wasan a 2008, ya tsallakar da tarihin Forgotten Realms kimanin shekara ɗari, ya kuma rage yawan abubuwan bauta. A cikin littattafan Smedman uku an kawar da Selvetarm da Vhaeraun da Kiaransalee da Eilistraee, watau kusan duk masu jayayya da Lolth a kan Dirawa. Da bugu na huɗu ya fito sai ga fili an share. Ƙissa ce aka yanka daidai da awon kasuwa, kuma ɗinkin ya nuna.

Bugu na biyar ya fito a 2014, aka fara mai da abin da aka zubar. Sunan Eilistraee ya dawo a Sword Coast Adventurer's Guide a 2015, Greenwood ya ambaci bayyanarta kusa da Waterdeep a littafinsa Death Masks a 2016, Mordenkainen's Tome of Foes kuma ya yi bayaninta a 2018. Amma mutuwar da aka ba littafi uku, dawowar ba a ba ta ko ɗaya ba. Zancen sauyin launi kuwa an yi shiru da shi, ba a gina kome a kansa ba, ba a kuma fito an warware shi ba.

A watan Yuni na 2020 kamfanin ya fitar da sanarwa cewa daga yanzu za a nuna Dirawa a matsayin al'umma mai na kirki da na banza kamar kowace. A wannan wata ne kuma Netflix da Hulu suka janye wani kashi na shirin Community na 2011 saboda wani ɗan wasa ya shafe fuskarsa da baƙi yana kwaikwayon Dirawa. A 2021 aka ƙago wasu sababbin al'ummun Dirawa da ba su taɓa bin Lolth ba, masu zane kuma suka karkata ga launin toka da shunayya. Niyyar mai kyau ce, amma a fuskar adabi gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Dirawan da ba su taɓa shiga rami ba ba su da abin da za su ce wa wanda ke ciki. Amsar da ta fi ƙarfi tana hannun kamfanin tun 1991, ya yi sakaci da ita. Wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023, ya ɗan tuna da ita: mai wasa yana iya zaɓen ta a matsayin abar bautar tauraronsa, akwai kuma wani takobi mai waƙa da aka danganta da ita.

Kammalawa

An ga cewa ƙissar Eilistraee ta 1991 da 1998 ta ci jarrabawa biyu da aka gindaya: sassanta sun haɗu a kan jigo guda, ta kuma ba masu wasa abin yi wanda ya wuce sara da suka. An ga rauninta a wajen zane da matsayin maza da ɗora nauyin sulhu a kan ɓangare ɗaya. An kuma ga yadda littattafan 2007 da 2008 suka mai da ceto zancen jini da launi.

Abin da ya hana ɓarnar ta zama ta dindindin shi ne rabon da wannan adabi ya ɗebo daga adabin baka. Kamfani ya mallaki sunan, amma ƙa'idar wasan ta ba kowane mai jan labari ikon ɗaukar abin da ya ga dama ya bar saura. A shekarun da littattafai suka ce ta mutu, babu abin da ya hana a ci gaba da ambatonta a teburori. Wanda zai ja labari da ita a yau, shawarar wannan maƙala ita ce ya riƙi kibiyar da ta karkata, da hijirar zaɓi, da fitar shekara, ya bar jinin Wendonai a inda ya gan shi.